Mazarƙwailar 'yan Jawa da nake saye a Sharafiyya

Duk mai yin nakiyar sayarwa a Jidda ta san wahalar mazarƙwaila. Sai kin jira mai zuwa daga Kano ya ƙunso miki 'yar Maƙarfi a cikin kayansa, wani lokaci ta iso ta narke ta manne da leda, wani lokaci kuma a ce kaya sun yi nauyi an baro ta a gida. Shi ya sa tun bara na koma sayen abin da 'yan Jawa, wato mutanen Indonesiya, ke kira gula aren, sukarin da ake dafawa daga ruwan bishiyar aren, a wata baƙala (kanti) tasu da ke unguwar Sharafiyya. Matan unguwarmu sun dame ni da tambayar ko yana da kyau. Yana da kyau, amma ba kowanne ba, kuma ba a kowane girki ba.

Baƙalar ƙarama ce, katan-katan na Indomie sun cinye rabinta, sukarin kuma yana can ƙasan kanta, sai kin sunkuya. Iri biyu suke kawowa. Akwai na gari, wanda suke rubuta wa gula semut, akwai kuma na curi, wanda ake zubawa a ɓawon kwakwa ko a yankakken gora ya daskare. Na curin nake saye. Mai kyansa duhu gare shi kamar sabulun salo, yana da laushi, wuƙa tana kankare shi ba sai an ɗauko taɓarya ba. Ƙamshin hayaƙi ne ke fara dukan hanci, sannan wani ɗan tsami-tsami a can ƙarshen harshe. Zaƙinsa bai kai na rake kaifi ba.

A nakiya ya fi burge ni. Ina narka shi da ruwa kaɗan a wuta marar ƙarfi, in tace da rariya mai laushi, don ba a rasa ɓurɓushin itace ko toka a ciki, sannan in haɗa da soyayyen garin shinkafa da man shanu da citta da kanumfari da masoro. Yana kama jiki sosai, kuma ƙamshin hayaƙin nan yana tafiya da kayan yaji. Garar wata amarya da na haɗa a Hindawiyya, dangin ango har aikowa suka yi suna tambayar wace zuma na sa. A kunun tsamiya ma babu laifi. Kunun gyaɗa kuwa yana mayar da shi ruwan ƙasa, yarana suka ce ba za su sha ba. Alkaki kada ma ki soma: ruwan tsomawar yana yin baƙi, hayaƙin ya danne ɗanɗanon alkama. Nan zuma ko farin sukari ne maganinsa.

Surukata ce ta fara tayar da maganar da na san tana cin mutane da yawa. Ta ce, "Ke 'yar nan, ruwan bishiyar da ake tara a gora, ba shi ne bammi ba?" Na ce, "Hajiya, sai an bar shi ya kwana yake zama haka." Ruwan da ake tatsa zaƙi ne zalla, amma yana saurin juyawa, shi ya sa masu sana'ar ke turara gorar da hayaƙi kafin su rataya ta, su kwashe safe da yamma, su ɗora a wuta nan take. Idan ya yi tsami ma sukarin ba ya daskarewa, asara ce gare su. Mai baƙalar, wani dattijo ɗan Jawa ta Yamma, da na tambaye shi dariya ya yi, ya ce, "Ya Hajja, a garinmu da shi ake haɗa abin buɗa baki."

Shi ne ya sa na fahimci dalilin tsadarsa, don ya ninka farin sukari nesa ba kusa ba. Bishiyar aren dangin giginya ce da kwakwa, ta fi son gangaren duwatsu da cikin daji inda take cakuɗe da wasu itatuwa. Tana ɗaukar wajen shekara goma kafin ta fara fure. Mai tatsa yana hawa da tsani na gora guda ɗaya, ya yi makonni yana bubbuga sandar furen da ɗan gungume yana jijjiga ta, sannan ya yanke bakinta ruwa ya fara ɗiga. Daga nan sai dahuwa ta sa'o'i, ana juyawa har ya yi kauri. Ruwa lita goma da ƙyar yake ba da abin da ya ɗara kilo ɗaya. Baƙin gashin da ke jikin bishiyar tsintsiya ake yi da shi da rufin ɗaki, 'ya'yanta kuma su ne kolang-kaling da suke ci da azumi. Mutumin da ke cin abinci safe da yamma daga bishiya a tsaye, ba sai an ɗauko masa malamin daji ba kafin ya hana a sare ta.

A kan haka gwamnatin Indonesiya ta gina wani tsari. A zamanin tsohon shugaban ƙasa Joko Widodo ta sa burin miƙa hekta miliyan 12.7 na dajin gwamnati ga mutanen karkara su kula da shi. Ƙungiyar manoma ko ƙauye na samun izini na shekara 35. Ƙasar ba ta zama tasu ba, ba su da ikon sayar da ita, amma suna da damar tatsar aren, su ɗebi zuma, su shuka kofi a ƙarƙashin inuwa. Ni dai inda nake da ja shi ne itacen girki. Dahuwar nan tana cin makamashi ba kaɗan ba, kuma daga dajin da ake cewa ana karewa yake fitowa. A garin Tomohon da ke arewacin tsibirin Sulawesi akwai masana'antar Masarang da ke dafa nata da tururin da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa, amma talakan da ke bayan dutse murhu ya sani.

Mu da asalinmu Gaya ta Nijar ne, wannan ba baƙon zance ba ne. A kwarin Dallol Mawri da ke yankinmu ƙauyuka sun daɗe da kafa kwamitocin tsaron giginya, bayan saran azara ya kusa cinye ta. Sai dai mu muruci da 'ya'ya da kaba muka sani. A Kambodiya da kudancin Indiya 'yar'uwar giginyar tamu suke tatsa su yi sukari, har na lardin Kampong Speu na Kambodiya ya yi suna a kasuwannin waje. Ko tamu za ta ba da irin wannan, manoman can ne za su faɗa.

Abin da ban ji daɗinsa ba a baƙalar shi ne ba sa rarrabewa. A kwali ɗaya za ki tarar da na aren da na kwakwa, wanda ya fi haske, da kuma wanda aka cuɗa da sukarin rake don ya yi auki. Wannan na ƙarshen tauri gare shi, idan kin fasa za ki ga ƙyalli-ƙyalli a ciki, zaƙinsa kuma yana tsaya wa mutum a maƙogwaro. Ki juya ledar ki duba: in kin ga gula pasir ko tebu a jerin kayan haɗi, rake ne, ki ajiye. Wasu ledojin ma babu sunan garin da aka yi su. Mai ciwon sukari kuma kada ta ruɗu da masu cewa magani ne, sukari ne kamar kowanne.

Damshin Jidda ba ya raga masa, yana fara zufa ya yi danƙo. Ina yanka nawa ƙanana in zuba a kwalba mai murfi in sa a firiji. Mai son gwadawa ta fara da rabin kilo na curi mafi duhu, ta matsa da yatsa ta cikin leda. In ya lotsa, shi ne.