Na'urar GPS ta keke ko manhajar waya: ga amsata

Ɗan uwa da ka tambaya ko ka sayi na'urar GPS ta kan keke ko ka ci gaba da Strava a waya, ni dai in alƙaluman gaskiya kake nema to na'urar za ka saya. Kuma ba wai za ka rabu da Strava ba ne fa, mutane na yawan haɗa su gasa alhali aikinsu daban, ita Strava wurin ajiya ce da nuna wa abokai, awo kuma na abin da ke ɗaure a kan keken ne. Kana gama tafiya Garmin Connect, wato manhajar kamfanin Garmin mai ƙera na'urar, zai tura wa Strava komai da kansa.

Ni Garmin Edge 530 ce a hannuna, wadda ta fito a 2019, kuma wallahi har yau ban ga abin da zai sa in canza ta ba. Akwai ranar da ruwa ya tsuge mana a wata hanya mai duhun itatuwa, kowa ya cusa wayarsa a leda, ita kuwa tana nan a buɗe tana shan ruwa tana aikinta, da yake maɓallai gare ta ba allon shafawa ba ko hannunka a jiƙe yake za ka danna ta amsa. Da muka tsaya aka fara gwada nisa, tawa da ta wani mai na'urar kamfanin Wahoo kusan ɗaya suka bayar, masu waya kuwa kowa da nasa lissafin, wani layinsa a taswira har ya tsallaka cikin daji ya dawo. Batirinta kamfanin ya ce yana kai awa 20, ni dai ban taɓa ganin ta mutu min a hanya ba.

Inda bambancin ya fi fitowa shi ne hawan tudu. GPS ya fi iya gane inda kake a shimfiɗe fiye da tsayin da kake kai, shi ya sa waɗannan na'urori ke da barometa a ciki, tana auna matsin iska, kana hawa matsin na raguwa tana lissafawa. Strava idan ta ga abin da ya ɗauki tafiyar ba shi da barometa sai ta cike tsayin daga bayanan taswirarta, ba laifi, amma ƙiyasi ne. Ita ma barometar tana ɗan kaucewa in yanayi ya juya ana cikin tafiya ko laka ta toshe ƴan ramukanta, sai ka riƙa dubawa.

Abin da kusan ba wanda ke faɗa wa sabon shiga: ka haɗa da ɗan sansan gudu da ake ɗaurawa a tsakiyar taya. Shi ba ruwansa da tauraron ɗan adam, juyin taya yake ƙirgawa, ko ƙarƙashin gada kake ko tsakanin dogayen gine-gine gudunka ba zai riƙa tsalle ba. Ka dai sa masa kewayen taya daidai, misali taya mai lamba 700x25 wajen milimita 2105 ne, ko ka bar na'urar ta auna da kanta. Sannan ka shiga saiti ka mayar da ɗaukar bayanai kowane daƙiƙa, don ɗayan tsarin yana tsallake wasu wurare sai ka ga an yanke maka kwana.

Sababbin kuma sun ƙara wani abu, suna kama zango biyu na sigina, L1 da L5, wanda ke rage ruɗanin da sigina ke yi in ta bugi gini ta dawo. A na'urorinta na keke Garmin ta fara sa shi a Edge 1040 a 2022, sai 540 da 840 a 2023. Kuma ba GPS na Amurka kaɗai suke ji ba, har da GLONASS na Rasha da Galileo na Turai.

Waya kuwa, to, tana yi, manhajar kyauta ce kuma allonta babba. Amma tana aljihu jikinka na tare sigina, tsarin tanadin batir na iya katse manhajar ba ka sani ba, kuma iPhone ba ta jin ANT+, wato siginar da wasu sansa ke aika bayanai da ita, sai sansa mai Bluetooth. In zagayen motsa jiki ne kawai ta isa.

Ba ka tambaya ba amma ka yi hattara da masu sayarwa. Akwai masu rubuta GPS a kwalin ɗan agogon gudu na maganaɗisu wanda ko tauraro ɗaya ba ya kamawa, akwai masu sayar da gyararriya a matsayin sabuwa. Kar ka ba da kuɗi sai ka kunna ta a fili ka ga ta kama sigina, ka duba lambar jikinta ta dace da ta kwali, ka juya bayanta ka ga kunnuwan da ke riƙe ta a mazauni ba su karye an liƙe da gam ba. In ta hannu ce ka ce a cika ta da caji a bar ta a kunne ka ga yadda batirin ke sauka, wanda ya ƙi yarda ka bar masa kayansa.

Ka ɗauki Edge 540 in sabuwa za ka saya, in aljihu bai kai ba 530 mai lafiya ta wadatar, ka sa sansan taya a kai. In kai mai son saita komai daga waya ne ka duba Wahoo Bolt. Bel ɗin bugun zuciya na ƙirji ya biyo baya, na'urar auna ƙarfin feda kuma ka bar ta tukuna sai ka fara atisaye da tsari.