Hattara da Masu Kira da Sunan Sashen Kayan Gyaran Tarakta

Masu tarakta da bakanikai, a yi hattara. Akwai wasu da ke kiran waya ko turo saƙo ta WhatsApp da sunan ma'aikatan dilan injinan noma, wai ana rage kaya a sito: filtar mai, nozul (bakin da ke fesa mai a cikin inji), faifan kuloci, duk na asali a rabin kuɗi. Sai su turo hoton kwali mai tambarin John Deere ko Massey Ferguson, su ce ka hanzarta kafin kayan su ƙare. Asusun da za su ba ka kuwa na mutum ne, ba na kamfani ba. Lokacin shuka da girbi suka fi fitowa, don sun san wanda injinsa ya tsaya a tsakiyar gona ba shi da haƙurin bincike.

Nemo wa mutane kayan gyara shi ne aikina, kuma ga inda asirinsu yake tonuwa: ba sa tambayar lambar inji. Mu ba ma ɗauko komai daga kanta sai mun ga lambar da ke kan farantin ƙarfen nan na jikin tarakta, wani lokaci har da ta injin kansa. Samfuri ɗaya, suna ɗaya, amma kamfani kan sauya famfo ko gasket (abin da ke hana yoyo a mahaɗar ƙarafan inji) daga wata lamba zuwa sama. Tsofaffin Massey Ferguson da yawa ma injin Perkins ne a cikinsu, lambarsa daban take. Mutumin da ka ce masa "filtar tarakta nake so" ya amsa da "akwai" nan take, bai taɓa buɗe littafin kayan gyara ba.

Wasu daga an tura kuɗi sai su kashe waya. Waɗanda ke aiko da kaya sun fi su mugunta. Ka ɗauki jabun filta a hannu, sai ka ji ba nauyi. A yanke ta, takardar ciki ninki kaɗan ne, gam ɗin yana ɓanɓarewa da farce, robar baki kuma ta ƙage. Sabbin injinan dizal suna fesa mai da matsin da ya haura 1,600 a ma'aunin matsi na "bar", ƙurar da ido ba ya gani ta isa ta cinye nozul. Araha ba ta ado: filtar ta wuce, a bar ka da gyaran famfon mai, kuma garanti ba ya ɗaukar ɓarnar da jabu ya yi.

Kwali kam kada ya ruɗe ka, bugawa ake yi.

Idan irin kiran nan ya zo, ka ajiye wayar, ka kira lambar wayar dila da ke kan tsohon rasit ɗinka, ka tambaya ko da gaske akwai rangwamen. Ka nemi takardar farashi mai ɗauke da lambar kowane kaya, kuma kuɗi ya shiga asusun kamfani kawai. Wanda ya riga ya tura, ya sanar da bankinsa yau, ya adana saƙonnin ya kai wa 'yan sanda, ya kuma faɗa wa dilan da aka ari sunansa.