Garejin da ya ƙi ɗaura mini salansa sai mota ta cika kilomita 1,600

Akwai wani gareji ta wajen Ƙofar Ƙaura a nan Katsina da ba su da aiki sai salansa da walda. Duk mai sabuwar motar gudu da ke son canza mata murya, can nake tura shi, amma ya tafi da haƙurinsa.

Tawa Toyota GR86 ce sabuwa dal, mai kwantaccen injin nan na Subaru, lita 2.4. Tun kafin ta iso na sayi salansa ta ƙarfen da ba ya tsatsa, wadda ake haɗawa daga bayan katalis, wato matatar hayaƙin da ake kira indomi, zuwa wutsiya. Maigidan ko kwalin bai buɗe ba. Ya leƙa mita, ya ce, "Alhaji, mayar da kayanka gida. Yarinyar nan ba ta gama tatata ba."

Littafin motar ma abin da ya faɗa ke nan: a kilomita 1,600 na farko kada allurar inji ta wuce juyi 4,000 a minti, ban da fizga, ban da taka birki da ƙarfi sai dole, kuma kada a daɗe kan gudu ɗaya. A lokacin ne zobban fistin ke gogar bangon silinda har su zauna daram. In ba su zauna ba, inji zai iya tashi da shan baƙin mai.

Abin da ya sa na yarda da mutumin, bai tsorata ni da ƙarya ba. Ya ce salansa irin tawa ba ta ɓata inji, ƙafar mai mota ce abin tsoro. Wanda ya ji sabuwar murya ba zai iya hana kansa taka totur ba, kuma wallahi na san haka ne. Ya ƙara da cewa sabon inji yana bukatar kunne. In wani abu na ƙwanƙwasa ko iska na tsiyaya, rurin salansa zai rufe shi, ranar da ka koma wurin dillali kuma ya ce kai ka taɓa motar.

Sai na riƙa bin hanyar Daura ta Mashi, ina hawa giya ina sauka, in ba ta wuta kaɗan in saki ta ja kanta. Da mita ta cika ya sa na juye mai, aka zuba baƙin mai nau'in 0W-20. Wannan shawararsa ce, na kuma ɗauka.

Aikin kansa tsaf. Ya jira ƙarfen ya huce, ya sa sabon gasket, ya shafa ruwan sabulu a robobin da ke riƙe bututun. Bai ɗaure notuna ba sai da ya tura yaronsa baya ya duba bakunan biyu sun daidaita, ba wanda ya kusanci bamba balle zafi ya narka ta. Da aka tayar, ya bi kowace mahaɗa da bayan hannu yana neman hucin iska. Wani ɗan kallo ya ce a cire indomi ta ƙara ƙara. Maigidan ya ce shi ba ya wannan aikin: sensar da ke bayan katalis za ta kunna fitilar cek, ga warin hayaƙi da kowa zai shaƙa.

Muryar ta yi kauri yadda nake so. Sai dai a doguwar hanya, in allura ta tsaya ƙasa da 3,000, akwai gunjin da ke cika cikin mota, kuma tayarwar asuba tana da ƙarfi, na daina yin ta saboda maƙwabta. Ƙarfin inji kuwa, ban ji ya ƙaru ba, shi ma bai yi mini alkawarin haka ba.

Kuɗin aikinsa ya ɗara na masu walda na bakin titi, kuma wurin ba inuwar kirki, benci ɗaya ne. A je da sassafe. Tsohuwar salansar ya naɗe mini ita da notunanta, ya ce in adana don ranar sayar da mota.