Buhun haɗin kitsa shanu na shagunan Kano: ya yi, amma sai an bi tumbi a hankali

Duk wanda ya ɗaure sa a turke yana jiran Babbar Sallah ya san buhun nan. Masu injin niƙa da haɗa abincin dabbobi ne ke yin sa, ana samunsa a gefen kasuwannin dabbobi irin su 'Yan Awaki da ke Unguwa Uku, da wajen masu sayar da dusa a unguwanni. Sunansa ya bambanta daga shago zuwa shago, amma cikinsa kusan ɗaya ne: niƙaƙƙiyar masara ko dawa, dusar alkama, dusar masara, ƙuli-ƙulin angurya ko na gyaɗa, gishiri, garin ƙashi ko farar ƙasa, wani lokaci da ɗan yuriya, sinadarin nan da aka sani a takin zamani. Wasu shagunan kuma kai za ka kawo hatsinka daga Dawanau, su niƙa su haɗa maka a kan kuɗin aiki.

Hukunci a taƙaice: haɗin ya fi tsurar dusa, kuma sa yana yin nama da shi. Matsalarsa biyu ce, niƙan ya cika laushi, sannan ana miƙa buhu ba tare da bayanin yadda za a fara ba da shi ba. Wannan rashin bayani shi ke kwantar da shanu a makon farko.

Abin da sa ya ci ba kai tsaye yake amfanarsa ba. Tumbinsa, wato babban ɗaki cikin ɗakuna huɗu na cikinsa, tamkar randa ce mai ɗumin digiri 39 wadda iska ba ta shiga, cike da ƙwayoyin bakteriya, kimanin biliyan 10 a kowace mililita ta ruwan. Su ke narkar da abincin, su mai da shi wasu sinadarai masu tsami da bangon tumbi ke tsotsewa, kuma daga nan sa ke samun kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin jikinsa. Su kansu ƙwayoyin idan sun gangara hanji sai su zama furotin ɗin da ke gina tsoka.

Ƙwayoyin nan ba jinsi ɗaya ba ne. San da ya taso a daji yana cin ciyawa da kara, tumbinsa masu narkar da harza, wato zare-zaren da ke cikin ciyawa da kara, ne suka cika shi, irin su Fibrobacter succinogenes da Ruminococcus albus. Suna aiki ne idan ma'aunin tsami na pH yana tsakanin 6.2 da 6.8, da ya sauka ƙasa da 6, wato tsami ya ƙaru, sai su fara ja da baya. Idan aka zuba wa irin wannan sa bahon hatsi rana ɗaya, wata ƙwaya mai suna Streptococcus bovis ce ke cin kasuwarta. Tana hayayyafa da sauri, tana zubo sinadarin laktik, tsamin da ke cikin nono. Akwai masu shanye wannan tsami, Megasphaera elsdenii da Selenomonas ruminantium, sai dai su a hankali suke yawaita, suna buƙatar mako biyu zuwa uku. Kafin su kawo ɗauki, pH ya faɗi ƙasa da 5.6, a mummunan hali ya kusa 5. Tumbi ya tsaya, ruwan jiki ya tattaru a cikinsa, sa ya daina tuƙa, ya kama zawo mai kumfa da tsamin wari. Bangon tumbi yana salewa, ta nan Fusobacterium necrophorum ke bi cikin jini ta je hanta ta yi ƙurji. Mahauta a Abbatuwa sun san irin wannan hanta. Ɗingishin da ke biyo baya da makonni, wanda ake ɗora wa sanyin ƙasa, sau da yawa daga nan ya samo asali, domin guba daga tumbin ta taɓa jijiyoyin kofato.

To, a wannan ma'auni haɗin shagunan yana da abin yabo. Dusar alkama da ƙuli-ƙulin angurya ba sa sakin tsami da sauri kamar tsurar masara, don haka buhun da suka yi rinjaye a cikinsa ya fi aminci. Angurya na da sinadarin gosifol mai cutar da kaji da 'yan maruƙa, amma babban sa mai lafiyayyen tumbi yana jure ma'aunin da aka saba. Gauraya da inji kuma ta fi ta hannu a baho, gishiri da garin ƙashi ba sa taruwa a gefe ɗaya.

Inda suka gaza shi ne rariyar inji. Yawancin injinan nan abincin kaji suke niƙawa da ita, sai su bar ta a haka su zuba masarar shanu, ta fito gari kamar za a yi tuwo. Gwargwadon laushin gari, gwargwadon saurin da ƙwayoyi ke cinye shi, tsami ya taso lokaci guda. Abin da ake so shi ne tsaki, ƙwayar masara ta fashe gida uku ko huɗu. Dawa ita tana son a ɗan fi farfasa ta, saboda idan ta wuce da ɓawonta a kashi za a tsince ta. Kafin a biya kuɗi, a sa hannu cikin buhu a damƙo. Idan tafin hannu ya fito fari fat, a ce su canja rariya, ko a nemi wani shagon. Mai injin da ya san aikinsa ba zai yi musu ba.

Sai maganar yuriya, wadda ta fi kowace haɗari. Ƙwayoyin tumbi suna iya mai da ita furotin, shi ya sa ake sa ta don rage tsadar ƙuli-ƙuli, kuma wannan ba ha'inci ba ne idan an faɗa. Iyakarta kashi 1 cikin 100 na duk busasshen abincin da sa ke ci a rana. San da ya kai kilo 250 yana cin wajen kilo 6, ke nan kada ta wuce giram 60, a raba ta cikin yini. A gidajen Kano kuwa al'ada ce a dama dusa da ruwa ko ƙasari. Yuriya tana narkewa a ruwa, ta taru a gindin baho, sa ya zuƙe ta gaba ɗaya. Cikin minti 20 zuwa awa ɗaya sai a ga dalala, rawar jiki, kumburi, ya zube. Taimakon gaggawa shi ne a ɗura masa lita 2 zuwa 4 na ruwan khal da ruwan sanyi, a hankali kada ya shaƙe, a kira likitan dabbobi nan take. Duk buhun da mai shago ya kasa faɗin ko akwai yuriya a ciki da yawanta, a bar masa abinsa. Wanda ke da ita kuma a busasshe ake ba da shi, kuma ba a ba ɗan maraƙin da tumbinsa bai ƙosa ba.

Wasu shagunan suna tallar cewa sun sa "magani" a haɗin. A tambaya wane ne. Idan garin oksitetirasayikilin ne na kaji, wannan ragi ne ga buhun, ba ƙari ba. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da ya bi ta baki ba ya tantance na kirki da mugu, masu narkar da harza yake fara kassarawa, ga shi yana koya wa sauran ƙwayoyin hanji irin su E. coli jure magani, su fita a kashi su shiga lambatu da taki. Tarayyar Turai ta haramta ba dabbobi irin waɗannan magunguna don ƙara ƙiba tun 2006. Idan kuma monensin ne, yana taimakon shanu a ma'aunin da ya dace, amma guba ce mai kisa ga doki, kuma gidaje da yawa a cikin birni doki da sa bargarsu ɗaya.

Ga yadda ya kamata mai shago ya riƙa faɗa wa mai saye. San da aka sauke daga mota, daga Wudil ko Dambatta ko Maigatari, ya kwana da yunwa da ƙishirwa, ƙwayoyin tumbinsa sun ragu. Kwana uku na farko harawa ce kawai da ruwa da gishirin lasa, a nan ne kuma ake ba da maganin tsutsar ciki. Daga rana ta huɗu a fara da rabin kilo na haɗin a rana. Duk bayan kwana uku a ƙara rabin kilo. Cikin kimanin mako uku Bunaji ko Bokoloji mai kilo 250 zai kai kilo 3, wanda ya ishe shi, sai a riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan yayin da nauyinsa ke ƙaruwa. A raba shi biyu, safe da yamma, kuma kullum harawa ce ke riga shi shiga ciki. Kada harawa da kara da ƙowa su gaza kashi 40 cikin 100 na abincin. A sassara kara tsawon gaɓar yatsa ko biyu, santimita 3 zuwa 5, kada a kai shi inji a mai da shi gari, domin tsawonsa ne ke sa tuƙa. Tuƙa ke kawo miyau, wanda a babban sa kan haura lita 100 a rana, kuma miyan nan cike yake da sinadarin bikabonet mai kashe tsami. Kanwar da iyayenmu ke ba shanu aikin da take yi ke nan, sai dai ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga dutse zuwa dutse. Hodar bikabonet ta masu yin kek ta fi auno, kimanin giram 50 a rana ga irin wannan sa. Ruwa kuwa lita 30 zuwa 40 a bazara, kada baho ya bushe.

Idan buhu ya ƙare aka koma wani shagon, a gauraya tsoho da sabo na kwana biyar zuwa bakwai. Idan sa ya tsallake cin rana ɗaya, kada a rama masa washegari, a koma rabin abin da ya saba.

Mai kiwo yana iya gwada haɗin da idonsa. A tsaya gefen hagu na sa, a danna dunƙulen hannu a kwiɓinsa, lafiyayyen tumbi yana motsi sau biyu zuwa uku cikin minti biyu. A ƙirga taunar loma ɗaya ta tuƙa, 50 zuwa 60 daidai ne, ƙasa da 40 harza ta yi kaɗan. Kashi mai kyau yana tsayawa ya yi ɗan rami a tsakiya. Mai ruwa, launin toka, da kumfa ko majina, yana nufin a janye haɗin a koma harawa, idan sa ya kwanta ko idonsa ya faɗa ciki a kira likita. Likita kan ɗura wa irin wannan sa ruwan tumbin lafiyayyen sa, a tace shi da ɗuminsa, don ya dasa masa sababbin ƙwayoyi, kuma wannan ya fi ƙananan ledojin "farfaɗo da ciki" da ake sayarwa a shaguna aiki. Sai dai a tuna, san da ya yi yawon bola a gari kafin a ɗaure shi yana iya ɗauke da ƙullin leda a tumbi, wannan babu haɗin da zai yi masa ƙiba.

Ajiya ma tana shiga cikin makin shago. Ƙuli-ƙulin gyaɗa da masara idan sun ji danshi suna yin fumfuna mai fitar da gubar afulatoksin, wadda ke lalata hanta, kuma tumbi ba ya iya kashe ta duka. Shagon da ke jera buhuna a kan katako nesa da bango ya fi wanda ke jibge su a siminti. A buɗe buhu a sansana, idan akwai warin rima ko ya yi curi-curi ko yana da ɗumi a tsakiya, a mayar. Da damina kada a sayi fiye da na mako biyu.

Mai sa ɗaya ko biyu a gida, wanda ba shi da sikeli ko wurin tara kayan haɗi biyar, buhun ya dace da shi, muddin tsaki ne, babu magani a ciki, kuma an san zancen yuriya. Mai shanu goma zuwa sama ya fi riba ya sayi kayansa da kaka, ya biya kuɗin niƙa kawai, ya tsaya a gaban inji har a ɗinke buhu.