Shagon kofin nan na Victoria Island, wuta da kujera suke sayarwa

Masu tambayata yadda shagon kofin nan na wajen titin Adeola Odeku a Legas yake, ga abin da na gani. Kofin kansa babu laifi, musamman kafucino ɗinsu, madarar ta yi kumfa yadda ya kamata kuma ba sa zuba maka siga, kai za ka sa da hannunka. Amma wallahi kuɗin kofi ɗaya zai ba ka shayi mai kauri da biredi da wainar ƙwai wajen mai shayin Obalende har ka karɓi canji, kuma kek ɗin da aka ba ni ya bushe, da gani ya kwana a gilashi.

To me yasa wurin ke cika haka? Wuta ce kawai. Kowane tebur akwai soket a ƙasansa, esi na busawa, NEPA na ɗaukewa janareto ya karɓa kafin ka ɗago kai, intanet ɗinsu kuma ba ya yankewa ko kana kiran bidiyo. Za ka ga yaro da laftof ya sayi kofi ɗaya tun hantsi yana nan har la'asar, kofin ya huce tuntuni yana gefe, ma'aikatan ba wanda zai ce masa tashi, kuma ni wannan haƙurin nasu shi ya fi burge ni a wurin.

Dabarar ba tasu ba ce, ta Starbucks ce, kamfanin kofin da aka kafa a Seattle ta Amurka a 1971, daga baya Howard Schultz da ya shugabanci kamfanin ya mai da shagunan wurin zama tsakanin gida da ofis, ka biya kofi ka samu kujera. Yau suna da shago sama da 40,000 a duniya, suna Masar suna Maroko, sun shiga Johannesburg a 2016, amma Legas da duk yawan jama'arta har yanzu ba su leƙo ba, kuma in ka zauna ka yi lissafi za ka gane dalili. Injin haɗa kofi da dala ake shigo da shi, waken kofin ma haka, tun da gwamnati ta bar kasuwa ta yanke farashin naira a 2023 komai ya ninka, ga dizal da janareto ke sha kullum, ga hayar Victoria Island da Lekki da ba ta da sauƙi, sannan uwa uba mu mutanen shayi ne, Lipton da Milo muka tashi da su, mai son kofi kuma Nescafe ɗin masu tura kura a bakin tasha ya ishe shi. Ko a Ostareliya da suke shan kofi sosai sai da Starbucks suka rufe yawancin shagunansu a 2008 saboda mutane na da nasu da suka saba. Shi yasa 'yan gida irin Cafe Neo, shagunan kofin wasu 'yan'uwa biyu 'yan gidan Dozie, suka riga su kama filin.

Abin da ya tsaya min a rai, na tambayi yarinyar da ke sayar da kofin daga ina waken kofinsu yake ta ce daga waje, alhali ana noman kofi a tsaunin Mambila a Taraba. Haba, ko buhu ɗaya a gwada mana.

Sannan babu wurin alwala balle na sallah, in azahar ta yi sai ka tattara kayanka ka fita, kafin ka dawo wani ya zauna a kujerarka. Wurin ajiye mota ma ƙarami ne. In aiki ne da kai ko za ka gana da kwastoma je ka da safe kafin a cika, ka nemi teburin jikin bango, can ne soket biyu suke.