Gwajin jan ruwa na masu haƙar foraj a Tawa: wanne ya cancanci kuɗinsa?

Masu haƙar foraj (rijiyar burtsatse) a jihar Tawa iri biyu suke sayar da wannan aiki na jan ruwa da famfo don a ga yawan ruwan da za a iya samu. Akwai gajeren gwaji na 'yan awoyi da ake haɗawa cikin kuɗin haƙa, akwai kuma dogo na kwana ɗaya zuwa uku wanda ake biya daban, har da gazuwal ɗin injin wuta. Yawancin masu garka gajeren suke ɗauka, don ranar da aka busa iska cikin ramin sun ga ruwa na feshi har sama. Wannan feshin ba ma'auni ba ne. Ruwan da ke cikin ramin da na kusa da shi ne kawai ya fito.

Abin da ƙasa ta riƙe daban, abin da za ta saki daban. Laka na iya ɗaukar ruwa kusan rabin girmanta, amma ba ta sakin fiye da kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari. Rairayi mai manyan ƙwayoyi bai kai ta riƙewa ba, sai dai yana sakin kashi 20 zuwa 25: ramin da ya kai mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi, cike da jiƙaƙƙen rairayi, zai ba ka kusan tano guda, wato lita 200 zuwa 250. A fadamun Majiya da Tarka, in ƙasan rairayi ne, saukar ruwa da mita ɗaya a hekta ɗaya na nufin wajen lita miliyan 2. Albasar hekta ɗaya kuwa tana shan miliyan 4 ko fiye kafin a cire ta. A tudun Adar lamarin ya fi tsanani. Duwatsun sama ba su da ruwan kirki, sai an ratsa ɗaruruwan mita a kai ga tsohon ruwan da laka ta danne. Irin wannan ruwan matsi ne ke turo shi, kuma saukar mita ɗaya a hekta na iya ba da lita 1,000 kacal, shi ya sa foraj ɗaya ke janye matakin ruwan wani da ke nesa da shi.

Gajeren gwajin yana da amfaninsa in an yi shi daidai: a auna matakin ruwa kafin a tada famfo, a ja shi hawa huɗu, kowane awa ɗaya, ana ƙara ƙarfi. Hawan da ruwa ya faɗi fiye da kima shi ne iyakar ramin, kuma da shi ake zaɓen girman famfo. Amma labarin ramin yake bayarwa, ba na ƙasar ba.

Dogon gwajin ne muke ba da shawara, awa 24 ga ruwan zurfi, awa 72 ga na fadama, da ƙarfi ɗaya ba sauyi. Ana rubuta awo kowane minti a goman farko, sannan a riƙa tsawaita tazara, in an kashe famfo a bi dawowar ruwan har ya kusa inda ya taso. Ma'aikatan sun iya wannan, matsalar tana wajen sakaci. Wasu na zubar da ruwan da aka jawo nan gefen ramin, ya nutse ya koma, lissafi ya yi kyau na ƙarya. A rairayi dole a kai shi da tiyo mita 100 ko fiye. Gazuwal kan ƙare tsakar dare, gwajin ya lalace. Da yawa kuma ba sa auna rijiyar maƙwabci, alhali ba tare da ita ba ba a iya fitar da adadin abin da ƙasar ke saki.

Lokaci ma na da muhimmanci. Gwajin watan Oktoba, bayan damina, yana nuna ruwa a ƙoshinsa. A fadama a nemi na Afrilu ko Mayu, kuma kada a biya ragowar kuɗi sai an karɓi takardar awon da sa'o'inta a rubuce.