Kaye, ajanda ko salula: da me za ka riƙe lissafin karatunka da littattafan aro?

Mai son karatu a Maradi ba daga wuri guda yake samun littafi ba. Ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo yana aro a ɗakin karatu, yana kuma karɓa a hannun abokai. Uwargida tana samun littattafan hikaya wurin mai haya ko wurin maƙwabciya, irin waɗanda ake kawowa daga Kano ta Katsina da Jibiya da Dan Issa. Ɗalibin zaure yana ɗauko na addini wurin malaminsa. Ga kuma waɗanda ake turowa ta WhatsApp. Shekara na ƙarewa, ka tambayi mutum abin da ya karanta sai ya lissafa biyar ya tsaya. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne littafin mutane ya kwana wata shida a ƙarƙashin katifarsa, shi ya manta, mai littafi kuwa bai manta ba.

Bukatun nan biyu ne, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Tuna abin da ka karanta amfaninka ne kai kaɗai. Mayar da aro a kan lokaci haƙƙin wani ne, kuma shi ke sa a sake ba ka gobe. Saboda haka duk abin da za ka saya ko ka sauke a waya, fara auna shi da wannan: zai gaya maka littafin wane ne, da ranar da aka ce ka mayar?

Kaye irin na ƴan lakkwal shi ne mafi araha, kuma ana samunsa a kowane shagon kayan makaranta, daga babbar kasuwa har cikin unguwanni. Sai dai kaye kala-kala ne. Mai shafi 100 ya ishi mai karatu shekara biyu ko fiye, in layi biyu zuwa uku yake ba kowane littafi. Mai shafi 200 ya fi dacewa da wanda ke son rubuta ra'ayinsa ko ya kwafe wata magana da ta burge shi. Duba cikinsa kafin ka biya. Mai manyan gidaje, wanda yara ke koyon rubutu da shi, yana da layukan tsaye da aka riga aka ja, don haka ba sai ka nemi abin ja layi ba in za ka raba shafi gida-gida. Mai ƙananan gidaje ya fi ɗaukar rubutu da yawa a shafi guda, amma mai raunin ido zai wahala da shi da dare. Ɗaurin ma abin dubawa ne. Wanda aka ɗinke da zare ya fi wanda aka maƙale da ƙarfe biyu a tsakiya, domin ƙarfen yana tsatsa in damina ta kama, shafukan tsakiya su fara fita. Mai waya a gefe yana da daɗin buɗewa, amma a jaka wayar tana lanƙwashewa, takardu su yage ɗaya bayan ɗaya. Ƙara ɗan kuɗi ka sa masa rigar leda, ka kuma rubuta da bik, ba da alƙalamin da tawadarsa ke narkewa da ɗigon ruwa ba.

Yadda nake ganin ya fi aiki shi ne a raba kayen biyu. Gaba na karatu ne: sunan littafi, marubuci, ranar da ka gama, da jimla guda kan yadda ka same shi. Sai ka juya kayen ka fara daga baya, nan ne wurin aro: daga hannun wa, ranar ɗauka, ranar mayarwa, da gida ɗaya da za ka sa alama in ka mayar. Littattafan hikaya na Hausa sukan fito kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku, to lallai ka rubuta kashi na nawa ne, domin a nan ake yawan ruɗewa. Akwai kuma gida ɗaya da mutane ke rainawa, wato halin da ka karɓi littafin. Duk wanda ya saba zuwa wurin masu haya ya san irin maganar da ake yi a bakin tebur. Mai shago ya buɗe littafi ya ce, "Hajiya, ai shafi huɗu sun fita a tsakiya." Ita kuma ta ce, "Wallahi Malam, haka na karɓe shi." Babu mai shaida, ran kowa ya ɓaci. Da tun ranar ɗauka ta duba a gabansa ta rubuta "babu shafi 41 zuwa 44", da maganar ta ƙare tun kafin ta fara.

Rauninsa a fili yake. Kaye ba ya kiranka ranar da wa'adi ya cika, gara tana cinsa in ka jingina shi da bangon ƙasa, kuma in ya ɓace ya ɓace ke nan.

Ajanda mai kwanan wata ta fi kaye a abu guda tak: kana rubuta "mayar da littafin wane" a shafin ranar, in ka buɗe sai ka gani. Amma ta fi tsada, shekara ɗaya take yi, kuma lissafin karatunka zai warwatse cikin shafuka sama da 300, mafi yawansu fanko. In an ba ka ita kyauta a wurin aiki, yi amfani da ita. Ban ga dalilin sayenta don wannan aiki kaɗai ba. Babbar rajista mai baƙin bango kuwa ta mai bayar da aro ce: mai haya, malamin da ɗalibai ke ɗaukar littattafansa, ko ƙungiyar matasa da ta tara littattafai a kwali. A wurinsu kuɗinta bai tafi banza ba, don tana da faɗin da mai aro zai sa hannu.

Sai salula. Hanya mafi sauƙi ita ce tura wa kanka saƙo a WhatsApp, abin da aka ba da damarsa tun ƙarshen 2022. Ka ɗauki hoton bangon littafi, ka rubuta "daga wurin Yaya, mayarwa ranar Juma'a", kwanan wata ya hau da kansa. Yana da sauri, kuma wanda rubutun boko ke ba wahala zai iya yin saƙon murya. Matsalar ita ce tarin hotuna da saƙonni ba lissafi ba ne. A ƙarshen shekara sai ka yi ta ja sama kana ƙirgawa, kuma in an sace wayar ko ta lalace ba ka ajiye kwafi ba, shi ke nan. Jadawalin Google Sheets ya fi tsari nesa ba kusa ba. Kyauta ne ga mai asusun Google, yana jera littattafai bisa suna ko rana, ana iya saita shi ya buɗe ba tare da intanet ba, kuma in ka sauya waya yana nan. Ɗalibin da ke da kwamfuta zai ji daɗinsa. A ƙaramin allon waya kuwa cika gidajen yana da gajiyarwa, kuma abin da ke gajiyarwa ba a daɗewa ana yinsa.

Manhajojin da aka ƙera don masu karatu su suka fi jan ido. Goodreads ta fara aiki a 2007, kamfanin Amazon ya saye ta a 2013. Kana sa adadin littattafan da kake son gamawa a shekara, tana nuna maka inda ka kai. StoryGraph, wadda Nadia Odunayo ta kafa, tana zana maka yanayin karatunka, tana kuma karɓar lissafin da ka kwaso daga Goodreads. Su biyun da Turancin Ingilishi suke. Babelio ta Faransa ce, kuma ita ta fi sanin littattafan Faransanci, irin waɗanda ɗaliban sakandare da jami'a ke karantawa a nan. Dukansu da lambar ISBN suka fi gane littafi, lambar nan mai alƙaluma 13 da ke bayan bango. Ɗauko littattafan Hausa goma daga wurin mai haya ka juya bayansu, za ka ga da yawa ba su da ita. Haka ƙananan littattafan addini da ake sayarwa a ƙofar masallaci, haka labaran da ake turawa kashi-kashi a waya. A StoryGraph kana iya shigar da littafin da babu shi da hannunka. A Goodreads sai ka roƙi masu kula da rumbun su saka maka. Bayan haka suna cin kuɗin intanet, suna bukatar caji a ranar da aka ɗauke wuta, kuma an gina su ne don ƙirga abin da ka karanta, ba don tuna maka aron da ke kanka ba.

Wani abu kuma: manhajojin nan daga Janairu suke ƙirga shekara. Ɗalibi ya fi son tasa ta fara da komawa makaranta a Oktoba, mai karatun zaure kuma daga Muharram ko daga bayan azumi. A kaye kai ke zaɓa.

Ga wanda Hausa da Larabci suka fi yawa a karatunsa, kuma aro ya fi saye yawa a hannunsa, shawarata ita ce kaye mai ɗinkin zare da rigar leda, sannan wayar ta yi abin da kaye ba ya iyawa: ranar da ka ɗauko littafi, kafin ka bar wurin, saita ƙararrawa ta buga kwana biyu kafin wa'adi. Ko ƙaramar waya mai maɓalli tana yin wannan. Ɗalibin da Faransanci ya fi yawa a karatunsa zai iya ƙara Babelio, mai Ingilishi kuma StoryGraph, amma shafin aro ya zauna a takarda. Ƙarshen kowane wata ka ɗauki hoton shafukan da ka cika, ka tura wa kanka ko wani ɗan'uwa da ka amince da shi, don ko gara ko ruwa sun taɓa kayen, lissafin yana nan.